Rabin Sa'a Daga Lukla

Ni ke auna kaya a filin jirgin Lukla.
Kilo goma sha biyar kowane mutum,
abin da ya haura, a biya ko a bari.
A allon da ke bayan kaina an rubuta:
Kathmandu, kilomita ɗari da talatin da takwas,
minti talatin.
Na faɗa wa baƙi har bakina yana faɗa ba da ni ba.

Babana Harkadhan bai yarda da allon nan ba.
Ya ce mai rubutun bai taɓa hawan Lamjura
da buhun gishiri a gadon baya ba,
igiya na cin goshi har ta bar turba.
Kwana bakwai a ƙafa zuwa Jiri, in ji shi,
sannan wuni guda a mota mai tari kamar tsohuwa.
Shi da sunan masu shayi yake auna nisa,
da gadar da ke rawa bisa Dudh Koshi,
da dutsen da ƙanensa ya zauna ya huta
bai ƙara tashi ba.

Bana ƙirjinsa ya soma kuka da dare.
Likita ya ce sai birni.
Na sayi tikiti biyu da abin da na tara don rufin ɗaki,
na ɗora jakarsa a ma'auni da hannuna:
kilo huɗu,
rabi barkono ne da busasshen cuku.

Sai gajimare ya sauko ya kwanta a kan titin jirgi
kamar saniyar da ta ƙi tashi.

Litinin ba jirgi.
Ya ce, da yanzu mun kwana Kharikhola.
Talata ba jirgi.
Masu hawan dutse na zagin wayoyinsu cikin harsuna shida,
shi yana tari, yana lanƙwasa yatsa: Nunthala.
Laraba, Junbesi, inda wata mata ke zuba masa miya sau biyu
kuɗin ɗaya.
Ban tambayi sunanta ba, bai faɗa ba.
Alhamis ya yi shiru.
Na san inda ya kai.

Juma'a da asuba sama ta buɗe ido.
Aka ba mu auduga don kunne da alewa ɗaya ɗaya.
Jirgin ya gangara a guje kamar ɗan akuya,
ƙasa ta ƙare,
muka ci gaba.

Ya manna goshinsa a taga,
daidai inda igiya ta bar turba.
Kogin da ya cinye masa takalmi ya zama zare.
Ban gama kwance takardar alewa ba
ya ce ga Lamjura,
kafin in leƙa ta wuce.
Ya nemi dutsen nan.
Daga sama duk duwatsu ƙannen wani ne.

Gonakin gero hawa hawa, sai rufin kwano,
sai hayaƙi da jan bulo,
sai taya ta daki ƙasa.
Ya zare audugar, ya dubi agogon hannuna,
ya daɗe yana lissafi da leɓe.

Phulmaya, ya ce, in kin koma ki gyara allonku.
Kwana huɗu ne da minti talatin da biyu.

Wani yaro ya zo zai ɗaukar masa jaka, ya hana.
A bakin ƙofar fita ya tsaya, ya dafa bango.
Na ce, Baba, ƙirjin ne?
Ya ce a'a, jira nake.
Ƙafafuna na can Junbesi,
ba su gama shan miya ba.